Darasi na 6: Giya da Shan Mai Idan Wanet na Jan Karafan

Idan sanyi ya shigo, masu gida a Jidda da Makka sukan fita daji su kwana, abin da Larabawa ke ce wa kashta. Da zafi kuma Ɗa'if ake hawa. Sau da yawa ɗan'uwanmu direban gida ake miƙa wa makullin a-kori-kura, wadda a nan Saudiyya ake kira wanet, a ɗaura masa karafan, wato ɗakin kwana mai taya da mota ke ja, a baya. Ya dawo mai ya ƙare da wuri, maigida na tambaya, shi kuma bai san amsa ba.

Malam direba, gudu ne ke shanye maka mai. Karafan gabanta faffaɗa ne kamar bango, iska na tokare ta. Idan ka tashi daga gudun kilomita 90 zuwa 120, tokarewar iskar takan kusa ninkawa. Ka tsaya tsakanin 80 da 90, ka riƙe hannun dama, masu sauri su wuce.

Inda aka fi yin kuskure shi ne giya. An saba cewa babbar giya ita ce mai tsimin mai, kuma gaskiya ne idan mota ba kaya. Da nauyi a baya, mota mai canza giya da kanta takan hau babbar giya, ta kasa, ta sauko, ta sake hawa. Wannan kai-da-kawowar tana dafa man giya, ga kuma zafin Hijaz. Ɗan man da ka yi tsimi ba zai biya ko kwata na kuɗin bakanike ba in akwatin giya ya ƙone.

A jikin Ford F-150 da GMC Sierra akwai maɓalli ko zaɓi mai suna Tow/Haul. Kunna shi duk lokacin da kake ja. Yana sa mota ta daɗe a kowace giya kafin ta canza, a gangara kuma ta sauko da kanta. Idan Hilux ce, tura sandar giya zuwa S, ka tsayar da ita a 4. Za ka ji ƙarar inji ta ɗan ƙaru. Kada ka tsorata, aikinsa yake yi, muddin allurar da ke nuna juyin inji ba ta kusanci jan layi ba.

Ɗa'if ta haura mita 1,800 daga bakin teku. Cikin hanyoyin hawa can, hanyar Hada kwana ce a kan kwana, ta Sail ta fi sauƙi ga mai ja. Wajen saukowa ka sa giyar da ka hau da ita, 2 ko 3, inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, kafin ya iso ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa.

A kan kwalta ka bar motar a 2H, wato tayoyi biyu kawai ke ja. Idan ka rage iskar taya don shiga rairayi, ka mayar da ita kafin ka hau titi. Adadin iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba. Ruwa kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin ruwan karafan sai an kusa masauki za a cika shi, don rage nauyi.

Aikin yi: cika tanki, mayar da maleji sifiri. Bayan tafiya ka sake cikawa, ka rubuta litar da ta shiga. Misali, kilomita 300, lita 60. Tunda 300 ɗari uku ce, raba 60 gida 3, ka sami lita 20 a kowace kilomita 100. Idan litar fetur 91, mai koren famfo, riyal 2.18 ce, nawa ka kashe? Rubuta amsar a littafinka. Tafiya ta gaba ka rage gudu da kilomita 10, ka sake lissafin, ka kawo wa malami duka biyun.