Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Babban Wurin Shaƙatawa da Ƙaramin Gari a Bakin Teku

Mai shirin yin hutu a bakin teku yakan fara da duban hotuna, kuma hotunan kusan duk iri ɗaya ne, wato farin rairayi da shuɗin ruwa da wata inuwa wadda ba kowa a ƙarƙashinta. Hoton ba ya nuna wanda zai dafa abinci, ba ya nuna nisan asibiti, ba ya kuma ɗauko ƙarar kiɗan da za ta tashi bayan sha biyun dare. Waɗannan abubuwa kuwa su ne suke raba babban wurin shaƙatawa mai cike da otal-otal da ƙaramin garin da ke zaune shiru a gaɓar teku. Saboda haka tambayar da ya kamata matafiyi ya fara yi wa kansa ita ce, wa yake so ya ɗauki ɗawainiyar yininsa, shi da kansa ko kuwa ma'aikatan da ya biya?

Manyan wuraren shaƙatawa an gina su ne musamman domin baƙo. Kankun ta ƙasar Meziko gwamnati ce ta tsara ta tun daga tushe, aka fara aikin a 1970 a kan wani siririn tsibiri da kusan ba kowa, yau kuwa otal-otal sun jeru a kansa fiye da kilomita 20. Benidom ta Sifaniya garin masunta ce kafin magajin garinta, Pedro Zaragoza, ya kawo tsarin gine-gine na 1956 wanda ya share hanyar da ta kai ta ga dogayen benaye. Agadir ta Maroko an sake gina ta ne bayan girgizar ƙasar 1960, da faffaɗan tituna da otal-otal masu fuskantar ruwa. Amfanin wannan tarihi ga matafiyi shi ne, a irin waɗannan wurare filin jirgin sama yana kusa, akwai motar da za ta ɗauko shi, akwai likita da kantin magani da na'urar cire kuɗi, kuma ma'aikata sun saba da baƙon da bai iya harshen ƙasar ba. Abin da yake biya a madadin wannan sauƙi, ban da kuɗi, shi ne cunkoso da hayaniya da layi wajen cin abinci.

Ƙaramin gari kuwa yana nan tun kafin baƙo ya zo, kuma harkokinsa ba sa tsayawa domin shi. Wanda zai je Lamu a gaɓar Kenya zai sauka ne a filin jirgin da ke tsibirin Manda, ya shiga kwale-kwale ya ƙetara, sannan ya tarar da lungunan da mota ba ta iya bi, inda jakuna ne ke ɗaukar kaya. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, amma wannan bai sa an daina sauke buhunan siminti a bakin tasha da sassafe ba. A Jambiani, gabashin Zanzibar, idan teku ta janye za a hango mata can nesa a cikin ruwa iya ƙauri suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi da turaku, domin ita ce sana'arsu. Mai son ganin irin wannan rayuwa zai ƙoshi. Sai dai shi ne zai nemo inda zai ci abinci, shi zai yi cinikin mota, kuma idan wutar lantarki ta ɗauke ko intanet ta yanke, haƙuri ne maganin.

Bayan an fahimci wannan bambanci, sai a dubi abokan tafiya, kuma a yanke shawara bisa bukatar wanda ya fi rauni a cikinsu. Idan akwai jariri, ko dattijon da hawa matakala ke ba shi wahala, ko mai ciwon da zai iya tashi cikin dare, to babban wurin shaƙatawa ya fi dacewa, ko da sauran 'yan tafiyar sun fi son shiru. Ƙananan garuruwa da yawa a gaɓar Bahar Rum an gina su ne a jikin tsauni, kuma daga masauki zuwa ruwa ana iya sauka matakala masu yawa, a sake hawansu da rana tsaka. Yara masu tasowa kuma sukan gaji da garin da ke yin tsit da zarar duhu ya yi. Ma'aurata ko mutum shi kaɗai, ko wanda aikinsa na kullum cikin hayaniyar jama'a yake, shi ne zai fi cin moriyar ƙaramin gari. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, sai dai a tafiyar iyali ba a bin son ran mai biyan kuɗi kaɗai.

Tsawon hutun ma yana da nasa hukuncin. Wanda kwana uku ko huɗu kawai ya samu bai kamata ya ɓatar da yini guda wajen zuwa da wani yinin wajen dawowa ba. Wanda zai yi fiye da mako kuwa, sau da yawa otal mai katanga yakan ishe shi tun kafin hutun ya yi rabi, domin abinci da nishaɗin maimaita kansu suke yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ƙanƙantar gari a matsayin shaidar natsuwa. Ƙauyuka biyar na Cinque Terre a Italiya mazaunansu 'yan dubbai ne, amma miliyoyin baƙi ne ke ratsa su kowace shekara, kuma a watannin Yuli da Agusta mutum zai iya rasa inda zai sa ƙafa a tashar jirgin ƙasa. Tulum ta Meziko, wadda a da ake gudu zuwa cikinta daga hayaniyar Kankun, yanzu ta cika har ta sami filin jirgin samanta a ƙarshen 2023. Saboda haka kafin a biya kuɗin masauki sai a binciki abu biyu. Na farko, ko manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido suna tsayawa a garin, domin jirgi ɗaya yana iya sauke fasinja dubu uku ko fiye da safe ya kwashe su da yamma, kuma tashoshi da yawa suna wallafa jadawalin zuwansu. Na biyu, ko garin yana kusa da babban birni, domin in haka ne zai cika maƙil ranar Asabar da Lahadi, ya kuma zama kango ranar Talata. A ɗaya ɓangaren, shirun yana iya wuce gona da iri, tunda a ƙananan garuruwan Bahar Rum masaukai da gidajen abinci da yawa sukan rufe daga Nuwamba har bazara, jiragen fito ma su rage zirga-zirga.

Yanayi kuma ya fi taɓa mazaunin ƙaramin gari. Lokacin guguwa a Tekun Atlantika da yankin Karibiyan yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, damina mai ƙarfi a gaɓar Afirka ta Gabas tana sauka tsakanin Maris da Mayu, yammacin tsibirin Fuket a Tailan kuma tekunsa takan yi fushi daga Mayu zuwa Oktoba. Idan ruwan sama ya tsare mutum a babban otal, akwai tafkin iyo da wurin wasan yara da janareto. Idan ya tsare shi a ƙauyen da hanya ɗaya ce ke shigarsa, yana iya rasa jirginsa na komawa gida.

Batun da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne ruwan kansa, domin ba kowace gaɓa ce ake iya shiga ba. Teku tana cika ta janye sau biyu a yawancin wurare cikin kimanin awa 24 da minti 50, wato lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, kuma cikar da janyewar sun fi tsanani a kwanakin sabon wata da na cikarsa. A Bahar Rum wannan bambanci kaɗan ne, da wuya ma a lura da shi. A gabashin Zanzibar kuwa ruwan yana janyewa ɗaruruwan mitoci, har mai son iyo ya zauna jira na sa'o'i, alhali a Nungwi da ke arewacin tsibirin, inda otal-otal suka fi yawa, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci. Essawira ta Maroko kyakkyawan gari ce mai ganuwa da tashar masunta, amma iskarta tana da ƙarfin da za ta watsa wa mutum rairayi a ido, shi ya sa masu wasan tseren iska a kan ruwa suka fi son ta fiye da masu son kwanciya a bakin gaɓa. A Karibiyan, tun daga 2011 wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa take taruwa a gaɓa tana ruɓewa da wari, kuma manyan otal-otal ne ke da ma'aikatan kwashe ta kowace safiya.

Sai kuma tsaro. A gaɓar da ake kula da ita za a ga masu ceto a kan hasumiya da tutoci, inda tuta mai ja da rawaya ke nuna iyakar wurin da ake sa ido, ja zalla kuma tana nufin kada a shiga. Shuɗiyar Tuta, alamar da aka fara bayarwa a Faransa a 1985, shaida ce cewa an auna tsabtar ruwan kuma akwai tanadin ceto. Gaɓar ƙaramin gari sau da yawa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka sai mutum ya tambayi masunta inda ake shiga, ya kuma san igiyar ruwan da ke jan mutum zuwa cikin teku. Tana bayyana ne kamar wata hanya mai duhu da ta kwanta lumui tsakanin raƙuman ruwa masu fashewa, kuma wannan kwanciyar ce ke yaudarar baƙo. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa gaɓa kai tsaye, sai ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓar, har ya fita daga cikinta, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. A ganina wanda bai ƙware da iyo ba, kuma yana son shiga teku, wannan dalili kaɗai ya isa ya kai shi inda akwai masu ceto.

Wajen lissafin kuɗi, a kwatanta jimillar tafiya gaba ɗaya, kada a tsaya kan kuɗin ɗaki. Tsarin biyan kuɗi dunƙule, wanda kamfanin Club Med ya fara yaɗawa a tsibirin Mayorka a 1950, yana haɗa kwana da ci da sha, kuma yana da riba ga iyali mai yara, amma wanda ba ya shan barasa ya sani cewa yana biyan kason masu sha. A tambaya a rubuce ko kuɗin ya haɗa da mota daga filin jirgi, da harajin baƙi, da kujerar bakin ruwa. A ƙaramin gari ɗaki yana iya yin araha, sai kuɗin doguwar mota da na jirgin fito su cinye rarar, kuma wajibi ne a riƙe tsabar kuɗi saboda ba ko'ina ake karɓar kati ba.

Wanda ya zaɓi babban wuri bai rasa natsuwa gaba ɗaya ba, muddin ya iya zaɓen unguwa da ɗaki. A Benidom gaɓar Levante ita ce ta masu raye-raye, Poniente kuma ta fi kwanciyar hankali, haka nan a Fuket gaɓar Kamala ba ta kai ta Patong hayaniya ba. A buɗe taswirar tauraron ɗan adam a ga abin da ke maƙwabtaka da otal ɗin, a nemi ɗaki a sama wanda ba ya fuskantar dandalin kiɗa, sannan a karanta ra'ayoyin waɗanda suka sauka a daidai watan da za a je, domin yabon da aka rubuta a Fabrairu ba ya ba da labarin Agusta. Wanda ya zaɓi ƙaramin gari kuma ya tuna cewa cikin gidajen mutane ya shiga, don haka kayan wanka na bakin ruwa ne kawai, kuma ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa.

Idan har ra'ayi ya rabu, ana iya haɗa biyun a tafiya ɗaya, tunda sau da yawa suna kusa da juna. Dahab ba ta kai kilomita 100 daga Sharm al-Shaikh ba a gaɓar Sina'i ta Masar, Essawira kuma tafiyar kimanin awa uku ce a mota daga Agadir. A irin wannan tsari ya fi kyau a fara da ƙaramin garin tun da sauran ƙarfi a jiki, a ƙare da babban otal, domin daren ƙarshe ya kasance kusa da filin jirgin sama, inda lalacewar mota ko dakatar da jirgin fito ba za su hana kama jirgi ba.