Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa teburin aiki a garejin gida

Duk wanda ya ƙudura mayar da wani sashe na garejinsa wurin sana'a, ko don kafinta ne ko don ƴan gyare-gyaren gida, teburin aiki ne abu na farko da zai buƙata, kuma shi ne abin da aka fi yi wa gaggawa. Aikin wannan tebur ɗaya ne tak: ya riƙe abin da ake sarrafawa ba tare da ya motsa ba. Yawancin kurakuran da zan kawo sun samo asali ne daga mantawa da wannan.

Kuskure mafi girma ana yin sa ne tun a kasuwa, kafin a ɗora zarto a kan komai, wato sayen ɗanyen katako a haɗa shi nan take. Mafi yawan katakon da ake saukewa a kasuwannin Arewa, irin ta ƴan katako da ke Na'ibawa a Kano, daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, inda iska ke da laima kusan duk shekara, kuma sau da yawa ba a daɗe da tsaga shi ba ake loda shi a mota. Idan irin wannan katako ya shiga hunturu, ruwan da ke cikinsa zai fita, sai ya tsuke. Abin lura shi ne, katako ba ya raguwa a tsawonsa sai ɗan abin da ba a rasa ba, a faɗinsa da kaurinsa yake tsukewa, shi ya sa alluna ke rabuwa da juna, wasu su lanƙwashe kamar kwale-kwale, mahaɗai kuma su saki.

Na ga wannan a teburina na farko, wanda na haɗa a ƙarshen damina da allunan da na sayo a makon. Ranar da na gama, ko takarda ba za ta shiga tsakanin alluna ba. Kafin watan Janairu ya ƙare, tsagar da ke tsakaninsu ta isa ta haɗiye ƙaramar ƙusa, kuma sau da dama na durƙusa ina laluben sukuru a ƙasa alhali a kan tebur na ajiye shi. Laifin nawa ne, domin na ji sanyin katakon a tafin hannuna da nauyinsa tun a kasuwa, amma na ƙi haƙuri.

Maganin wannan shi ne a sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa a cikin garejin da za a yi aikin, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa siraran sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, sannan a ɗora nauyi a sama. Kada a shanya shi a rana, domin bayansa zai bushe kafin cikinsa, sai ya tsage. Wanda ba shi da na'urar auna laima yana iya ɗaukar guntu ɗaya ya riƙa auna nauyinsa a sikeli duk mako. Idan nauyin ya daina raguwa, katakon ya zauna. A ganina lokaci mafi kyau na haɗawa shi ne bayan katakon ya sha hunturu guda. Wanda kuma ba zai iya jira ba, gara ya yi saman teburin da falle biyu na katakon fale-fale, wato filawud, mai kaurin milimita 18, a manne su da gam, domin shi ba ya tsukewa kamar allo.

Kuskure na biyu shi ne kwaikwayon tsayin teburin cin abinci, wanda yawanci bai wuce santimita 75 ba, domin don zama aka yi shi. Wanda ya yi awa biyu a sunkuye a kan irin wannan zai ji a bayansa. Yawancin teburan aiki suna tsakanin santimita 85 zuwa 95, amma ma'auni na gaskiya jikin mai shi ne: ya tsaya da takalmin da yake aiki da shi, ya saki hannunsa, inda wuyan hannu ya tsaya nan ne kusan tsayin da ya dace da gogar katako da yanka, tunda ayyuka ne da ake danna su da nauyin jiki. Mai gyaran rediyo ko wayar hannu yana buƙatar fiye da haka, don aikin ya kusanci ido. Idan ana shakka, a bar ƙafafun da ɗan tsawo, domin ragewa ta fi ƙarawa sauƙi.

Akwai kuma son faɗi. Fallen katakon fale-fale yana zuwa da ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, sai mutum ya ji asara ce ya yanka shi, ya ɗora shi yadda yake. Teburin da aka jingina da bango, in faɗinsa ya wuce santimita 60 zuwa 70, hannu ba ya kaiwa ƙarshensa, kuma bayan nan zai zama matattarar tarkace. A tsaga fallen biyu a tsaye, a haɗa su ɗaya kan ɗaya, an samu faɗin da ya dace da kuma kauri a lokaci guda. Kafin a yanka komai, a shigar da mota garejin, a buɗe ƙofofinta, a zana wurin tebur da alli a ƙasa, a ga ko mutum zai iya wucewa.

Daga nan sai maganar girgiza, wadda ita ce ke bambanta teburin aiki da na ado. Mutane suna kashe kuɗi a saman tebur su tsuke hannu a ƙafafu, su yi su da siririn katako, su buga ƙusoshi biyu a kowace kusurwa. Da an fara tura zarto, teburin zai riƙa rawa gaba da baya, kowace rawa kuma tana ƙara buɗe ramin ƙusa. Ƙafa tana son katako mai kaurin inci 3 ko 4 a kowane gefe, ko kuma a manne guda biyu masu inci 2 da 4. Dole a sa katakon ɗauri a sama da kuma ƙasa kusa da idon sawu, kuma ya fi kyau a fafe gurbi a jikin ƙafar don ɗaurin ya zauna a ciki, ta yadda katako ne zai ɗauki nauyi, ba ƙusa ba. A ɗaure da noti mai ratsawa, saboda idan katako ya tsuke a rani ana iya ƙara matsewa da sifana, abin da ƙusa ba ta yarda da shi. Kada a dogara da sukurun da aka ɗaura a bakin katako, inda aka yanke shi, don riƙonsa a nan ba shi da ƙarfi. Fallen katako guda da aka buga a bayan tebur, ko sanda ɗaya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, yana kashe girgiza fiye da ƙarin ƙusoshi ashirin. Kafin a matse notin ƙarshe, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, firam ɗin ya karkace.

Sau da yawa bayan an gama duk wannan sai a tarar tebur yana ɗingishi, a ɗora laifi a kan ƙafa ɗaya a yanke ta, alhali daɓen garejin ne ba daidai ba, tunda galibi ana ɗan gangarar da shi wajen ƙofa don ruwa ya fita. A kai teburin inda zai zauna tukuna, sannan a cika gurbin da ɗan falle mai tauri.

Game da gara, kuskuren shi ne barin ƙafar katako ta zauna kai tsaye a kan siminti, musamman kusa da bango mai danshi ko inda daɓe ya tsage. A shafe ƙasan ƙafafu da maganin gara tun kafin a haɗa, a ɗora su a kan guntun roba mai kauri. Wasu suna shafe tebur gaba ɗaya da baƙin man mota. Ban goyi bayan haka ba, domin yana ɓata duk abin da aka ɗora, gam da fenti ba sa kama katakon da ya taɓa shi, ga shi kuma ba abin da fata za ta riƙa gogar sa kullum ba ne.

Wani abin da ba a tunawa da shi sai an fara aiki shi ne yadda za a riƙe abu. Idan saman tebur ya ƙare daidai da firam, babu inda maƙalin matsewa zai kama, don haka a bar baki ya fito da kamar santimita 5 zuwa 8 a gaba da gefuna. Bayis kuwa, wato matsin ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da ke riƙe abin da ake aiki a kai, a kafa shi a saman ƙafa, ba a tsakiyar tebur ba, don bugun guduma ya sauka ƙasa kai tsaye, kuma a turo shi gaba har muƙamuƙinsa na baya ya ɗan wuce bakin tebur, yadda za a iya matse dogon ƙarfe a tsaye. Kada a shafe saman da fenti mai sheƙi, saboda aiki zai riƙa zamewa.

Saura wuta da haske. Ƙwan fitila ɗaya a tsakiyar rufi yana jefa inuwar mai aiki a kan abin da yake yankawa, don haka a sa fitila a saman teburin ta ɗan gaba. A kira mai aikin lantarki ya kafa soket a bango sama da tebur, maimakon jan waya a ƙasa inda ƙafa za ta harɗe. Janareta kuma a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga, ko da ƙofar garejin a buɗe take, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma mai aiki ba ya farga da ita sai jiri ya kama shi.