Yadda ake amfani da kalmar "anyway" a Turanci

Yawancin masu koyon Turanci sun riga sun san "anyway" kafin su zo aji. Sun ji ta a fim, sun gan ta a WhatsApp, kuma sun ɗauka cewa duk inda magana ta tsaya musu a maƙogwaro ana iya jefa ta. A nan ake samun matsala, domin aikinta ba ɗaya ba ne, kuma wurin da ta zauna a jimla shi ke nuna wanda take yi.

Ka fara da wadda ke zuwa a ƙarshen jimla, ita ce mai sauƙi. Wani lokaci tana nufin "duk da haka": "It was raining, but we went anyway", wato ana ruwa amma duk da haka muka tafi. Wani lokaci kuma daidai take da "dama" ta Hausa, idan mutum yana ƙara hujja a kan abin da ya riga ya yanke. Ka fasa sayen takalmi, sai ka ce "It's too small anyway", dama ya yi mini kaɗan. Ba a sa waƙafi kafin ta a nan.

Sai wadda ke zuwa a farko, da waƙafi a bayanta. Aikinta dawo da zance kan hanya. Kana ba abokinka labarin tafiya Kaduna, ka kauce ka shiga maganar tsadar man fetur, sai ka tuna inda ka baro: "Anyway, we got there before dark." Bahaushe zai ce "to dai, a bar wannan, mun isa kafin duhu ya yi".

Nan nake so ka tsaya sosai. Wannan kalmar tana yanke zance, saboda haka ka kula da zancen wa kake yankewa. Naka, ba laifi. Na abokinka da kuke wasa da dariya, da sauƙi. Amma malaminka ko shugabanka a wurin aiki yana cikin yi maka bayani, ya ɗan numfasa, kai kuma ka ce "Anyway" ka kawo taka maganar, abin da ya ji shi ne "ya isa haka, na gaji da saurare". Na sha ganin yaro mai ladabi, wanda ko da wasa ba zai katse babba da Hausa ba, ya yi haka da Turanci yana murmushi, a zatonsa ya ce "na'am". Dokata ga ɗalibai ita ce: kada ka taɓa buɗe amsarka ga na gaba da kai da wannan kalma. Ka ce "I see" ko "Thank you, sir", sannan ka kawo abin da ke bakinka.

Haka "Thanks anyway". Wannan godiya ce ta musamman ga wanda ya so ya taimaka amma bai iya ba. Ka tambayi hanya, mutumin ya ce shi ma baƙo ne, nan ne wurinta. Wanda ya bar aikinsa ya gyara maka kwamfuta har ta tashi, ka ce masa "Thanks anyway", ka nuna masa wahalarsa ba ta amfane ka ba. "Thank you very much" ya dace da shi.

Ba sai ka sayi wani littafi mai tsada don wannan ba, littattafan nahawu da yawa layi biyu suke ba ta su wuce. Ka sauke hira ɗaya daga YouTube da dare lokacin da data ke araha, ka saurara, duk inda ka ji kalmar ka dakata ka tambayi kanka: me aka bari, ina aka koma? Za ka kuma ji yadda murya take sauka a kanta, ana ɗan shiru kafin a ci gaba. Ka kwaikwayi wannan.

Idan za a rabu, tana aiki: "Anyway, I have to go", to, bari in wuce.

Wajen rubutu, "any way" a rabe wani abu ne daban, yana nufin "wata hanya": "Is there any way to fix it?" Mai "s" a ƙarshe, "anyways", za ka ji ta a bakin 'yan Amurka da Kanada a hirar yau da kullum, ni dai na hana ɗalibaina. A wasiƙar neman aiki ko insha'in WAEC da NECO, ka ajiye "Anyway" ta farkon jimla gefe. Idan saɓani kake son nunawa ka rubuta "however" ko "nevertheless", idan kuma "ko ma dai mene ne" kake nufi, "in any case" ta wadatar.