Yadda za ka binciko asalin mahaifi ko kakan da ya rayu da sunan wani

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Gidaje da yawa a zangon Kumasi sun watse, aka yi gwanjon kaya, aka hau manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar da Togo. Amma ba kowa ne ya tafi ba. Akwai wanda ya koma amsa sunan maigidansa, akwai wanda ya shiga takardar wani ɗan ƙasa da ya rasu, ya zauna a cikinta har ya tsufa. Daga baya wasu sun fita Turai da fasfon yayansu. Yau jikokinsu na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi, sunan aron nan na kan katin Ghana Card ɗinsu, ba su san garin kakansu ba. Yawancin dattawan nan tsoron kora ne ya kai su ga haka, don haka ba tonon silili nake kira a yi ba. Amma ɗa yana da haƙƙin sanin jininsa, kuma yanzu gwajin DNA, wato ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye, na taimakawa.

An gwada hanyar ta yi aiki. A jihar Ohayo ta Amurka wani dattijo ya mutu a 2002 da sunan Joseph Newton Chandler, sai aka gano mai sunan na ainihi yaro ne ɗan shekara 8 da ya rasu a haɗarin mota tun 1945. An ƙone gawar dattijon, amma wani asibiti na ajiye da ɗan naman da aka ciro lokacin da aka yi masa tiyata. Daga nan aka fitar da DNA, aka bi danginsa, a 2018 aka tabbatar Robert Ivan Nichols ne. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne sunan iyali ɗaya da Turawa ke gada ɗaruruwan shekaru. Mu kuwa ɗan Musa Ibrahim shi ne Sani Musa, jikansa kuma Aminu Sani, sunan kaka ya ɓace cikin zuriya biyu. Shi ya sa namu binciken ba da gwaji yake farawa ba.

Matakin farko: zauna da tsofaffi kafin ka kashe ko sidi ɗaya

Da tsohuwar zuma ake magani. Je wurin kakarka, ko goggonka, ko tsohon da suka yi harkar goro tare. Kada ka ce, "Hajiya, wai gaskiya ne Baba ba ɗan nan ba ne?" Daga nan ta rufe baki. Bi ta gefe. Wace irin tsaga ce a fuskarsa, guda nawa, daga ina ta taso? Da wane harshe yake ƙirga kuɗi, ko yake faɗa idan ransa ya ɓaci? Wane sarki yake zuwa gaisarwa ranar Sallah, na Zabarmawa, na Mosi, ko na Kotokoli? Baƙin ina ke sauka a zaurensa? Wa ya tsaya masa ranar ɗaurin aure?

Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce: da wa yake wasa? Mutum na iya sauya suna da takarda, amma da wuya ya ga abokin wasansa ya kyale shi. Wanda kullum yake tsokanar Barebari, ka duba wajen Fulani. Mai wasa da Yarabawa, ka tuna Gobirawa. Mai jan Zagezagi da tsiya, ƙila Bakano ne.

Sannan ka nemi izinin buɗe akwatinsa. Wasiƙun ajami, rubutun da ke bayan Alƙur'aninsa, fasfon aikin Hajji, tsohon hoto mai tambarin shagon da aka ɗauka. Ɗauki hoton komai, ka naɗi hirar a waya idan sun yarda. Idan ya yi soja ko aikin gwamnati, ofishin adana tsofaffin takardu na PRAAD yana da reshe a Kumasi. Sai dai ka sani, magatakardan zamanin Turawa kan rubuta ƙabila ko gari a madadin sunan uba.

Mataki na biyu: zaɓi wanda za a gwada

Ba kai ba ne na farko, sai idan babu wanda ya girme ka. Ɗa na ɗauke da rabin DNA na mahaifinsa, jika kusan kashi 25 cikin 100, tattaɓa-kunne kusan 12.5. Duk tsani ɗaya da aka sauko, rabin shaidar ta tafi. Idan dattijon na raye kuma ya amince, shi ne kan gaba. Idan ya rasu, 'ya'yansa, maza ko mata. A yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya yarda da bakinsa. Kada a yaudari tsohuwa a ce maganin hawan jini ne.

In da hali, gwada mutum ɗaya daga dangin matarsa. Duk wanda sakamako ya nuna DNA ɗinsa ya dace da na wannan mutumin, ka san ba ɓangaren da kake nema ba ne, sai ka ware shi. Akwai kuma gwajin Y, wanda ke bin layin maza zalla daga uba zuwa ɗa. Amfaninsa gare mu na zuwa daga baya, lokacin da kake son tabbatar da ko maza biyu kakansu na wajen uba ɗaya ne.

Mataki na uku: sayen kayan gwajin da ɗaukar yawu

Kamfanonin da aka sani su ne AncestryDNA da 23andMe, masu karɓar yawu a ɗan bututu, da FamilyTreeDNA da MyHeritage, masu goga auduga a cikin kumatu. Ga tsoho na fi son na audugar, domin tara yawu har ya kai layin da aka zana na wahalar da mai bushewar baki. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan'uwa a Amurka ko Ingila ya saya, mai zuwa gida ya taho da shi, mai komawa ya mayar. Yi rajistar lambar da ke jikin kayan a intanet kafin su bar hannunka. Rabin awa kafin ɗauka ba ci, ba sha, ba taba, ba goro. Da asuba kafin a kawo koko ya fi. Sakamako kan ɗauki makonni.

Ka kula da sirri. A 2023 an yi wa 23andMe kutse, bayanan mutum kusan miliyan 6.9 suka fita. Kana iya sa haruffan farkon suna a madadin cikakken suna, kuma ka buɗe imel na musamman don wannan aiki.

Mataki na huɗu: karanta sakamako

Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne taswira mai launi: kashi kaza Najeriya, kashi kaza Mali. Kintace ne, yana sauyawa duk sanda kamfani ya sabunta lissafinsa, kuma ba zai ba ka sunan kowa ba. Wuce zuwa jerin mutanen da kuka dace. Kusa da kowane suna akwai lamba da cM, ma'aunin yawan DNA da kuka yi tarayya. Tsakanin ɗa da mahaifi kusan 3,500 ne. 'Yan ɗaki ɗaya wajen 2,600. Ɗan baffa ko ɗan kawu wajen 850. Waɗanda kakanninsu ne wa da ƙani, wajen 230.

A nan gidajenmu ke rikita na'ura. Ɗan uba, da baffa, da kaka, duk suna faɗowa wajen 1,750, don haka shekarun mutum da tarihin gida ne za su raba maka. Auren zumunci kuma na kumbura lamba, ɗan'uwa na nesa ya bayyana kamar na kusa domin kun haɗu ta hanya biyu ko uku. Shafin DNA Painter na da wurin da za ka sa lambar kyauta ya jero maka duk dangantakar da za ta iya zama.

Kada ka karaya idan yawancin jerin baƙaƙen fatan Amurka ne da na Karibiyan masu 10 ko 15 cM. Danginmu ne da cinikin bayi ya raba mu da su, amma nisan ya wuce abin da kake nema. Mutanen Afirka ta Yamma da suka yi gwajin ba su da yawa. Sauke ɗanyen bayanan DNA ɗin daga shafin kamfanin ka ɗora a shafin GEDmatch, inda masu gwaji daga kamfanoni daban-daban ke haɗuwa. Wurin rajista za a tambaye ka ko ka yarda 'yan sanda su yi bincike da bayananka, karanta kafin ka danna.

Mataki na biyar: kai gwajin inda kake zato

Wannan ne ke warware yawancin irin namu. Idan tsaga da harshe da wasiƙu sun nuna wani gida a Doso ko Sakkwato ko Sokode, kada ka jira su yi gwaji da kansu. Nemi mai shiga tsakani, limami ko sarkin ƙabilar a nan zango, a yi sallama yadda ya kamata, sannan a roƙi dattijon gidan ya yarda a gwada shi. A saƙon farko kada ka ambaci gado ko sunan aro. Ka ce, "Baba, muna neman dangin kakanmu ne don sada zumunci." Idan sun ƙi, ka haƙura, ka nemi wani reshe na gidan.

Mataki na shida: kafin ka taɓa takarda

Kada ka ɗauki sakamakon ka nufi ofishin NIA, hukumar da ke ba da Ghana Card, kai tsaye. Je ka ga lauya tukuna, in babu kuɗi akwai hukumar ba da tallafin shari'a kyauta. Tsarin mulkin 1992 na ba wanda aka haifa bayan fara aiki da shi zama ɗan ƙasa idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, don haka sau da yawa ɓangaren uwa ya wadatar, amma lauya ne zai duba naka. Gwajin da aka yi a gida ba hujjar kotu ba ce, sai an sake shi a hannun masu izini. Sauya suna kuma na bi ta takardar rantsuwa, da bugawa a Gazet, jaridar sanarwar gwamnati, sannan gyaran kati.

Je ka ga malami ma. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, amma nasaba da gado na da ƙa'idojinsu a fiƙihu, lambar cM ba ta yanke su ita kaɗai. Idan kuma mai sunan na ainihi ya bar magada, a binciki ko akwai fili ko fansho da aka karɓa da sunansa. Wannan zama ne na manyan gidajen biyu tare da limami da lauya, kuma a yi shi kafin labari ya shiga WhatsApp na dangi.