Baƙon Damagaram, ka kula da katakon gidanka

Ɗan'uwa, idan ka shigo Damagaram ta Magarya ko Matamaye kuma Allah ya sa ka samu haya, kafin ka shimfiɗa tabarma duƙa ka duba gindin ƙofa. A cikin Birni da Zango gidajen ƙasa sun fi yawa, ga azara ga ƙyauren katako, nan ɓera da gara ke cin karensu babu babbaka. Masu zama bakin gari, kusa da gonaki da duwatsu, su kuwa kurege da gafiya ne maƙwabtansu.

Haƙoran gaba na kurege da ɓera ba sa daina tsiro har su mutu, dole su riƙa gurgurar abu mai tauri don su rage su. Shi ya sa ɓoye hatsi kaɗai ba ya hana su taɓa ƙyaure.

Abin da na gwada ya yi mini aiki shi ne barkono. Ka sayo busasshe a Kasuwar Dole, ranar Alhamis ya fi samuwa. A daka cikin hannu biyu da tafarnuwa dunƙule ɗaya, a tafasa a ruwa lita 2, ya kwana, a tace. Sai a kaɗa ɗan sabulu a ciki don ya kama jikin itace, a shafa da tsumma. Ka sa leda a hannu, kuma ka kori yara daga wurin, domin idan ya shiga ido ba kyau. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama na wanke shi, sai an maimaita bayan kowane ruwa. Nan ne mutane ke gajiya su ce maganin ƙarya ne.

Gara ba ruwanta da yaji. Ita sai man dogon yaro, ko baƙin mai a gindin dirkar da za a binne, amma kada ya kusanci turmi ko akushi. Akuyar da ke gaigayar turke kuwa sau da yawa gishiri take nema, a ajiye mata kanwa.

Guba ce nake roƙonka ka bari. Gidan haya tsakar gida ɗaya ce, kajin maƙwabta na kiwo, yara na rarrafe. Shekarar da na zo, na rasa kyanwata a kan haka, har yau abin na damuna. In ɓarnar ta yi yawa, kira kafinta ya buga maka ɓallen kwano a ƙasan ƙyauren, kamu ɗaya ya isa.