Kurakuran da ake yi wajen neman lambar yabo ta inganci

Duk mai kamfani a Jidda ko Makka, ko na dafa abincin alhazai ne ko na aika kaya gida, zai so a ce ya samu Kyautar Inganci ta Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a shekarar 2000, SASO, hukumar ƙa'idojin ingancin kaya ta Saudiyya, ke kula da ita. Burin ba laifi ba ne. Hanyar da ake bi ce ke da gyara.

Babban kuskuren shi ne a sa ido kan kofin, a manta da rahoton. Bayan masu tantancewa sun duba kamfani, sukan rubuta inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza, ko ya ci ko bai ci ba. Sau da yawa maigida na ganin bai ci ba sai ya jefa rahoton a durowa. A fito da shi, a zaɓi matsala biyu ko uku, a ba kowace mai ita da ranar gamawa.

Sai masu ɗauko ƙwararre ya rubuta musu takardu masu kyau, alhali mai dafa shinkafa bai taɓa jin labarinsu ba. Wannan kwalliya ce ba wanka. Mai tantancewa zai iya shiga kicin ya tambayi yaron da ke ɗaure kwali: idan abinci ya yi latti, wa kake gaya wa? In ya yi shiru yana kallon manaja, magana ta ƙare. Ma'aikata su rubuta yadda suke aikinsu, ƙwararren ya gyara kawai.

Rashin alƙaluma ma na kayar da mutane. "Kwastomominmu na yabawa" ba hujja ba ce. A tsarin Baldrige, lambar yabo ta inganci ta Amurka, maki 450 cikin 1,000 na sakamako ne. A fara da littafi guda: ƙorafi nawa a wata, kaya nawa suka isa Kano a makare.

Kada kuma a ɗauka lambar laya ce. Kamfanin Wallace na Amurka ya ci Baldrige a 1990, a 1992 ya nemi kariyar kotu saboda bashi.

Waɗanda ke turo saƙo cewa an zaɓe ka, ka biya riyal kaza ka karɓi allon yabo a otal kuwa, tambaye su ranar da za su zo duba sito.