Kafin ka ɗora wa motarka babban turbo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina yawan ganin masu gyaran mota suna rububin turbo (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska) mafi girma, wai don injin ya ba da ƙarfi sosai. Ga motar da za a riƙa shiga gari da ita kullum, wannan kuskure ne.

Hayaƙin da injin ke fitarwa ne ke juya turbo. In turbon ya fi ƙarfin injinka, sai ka taka totur ka ji shiru, ba zai farka ba sai injin ya yi nisa da juyi, sannan ƙarfin ya zo maka gaba ɗaya, taya ta kama zamewa. A cunkoso abin takaici ne, a kwana kuwa haɗari.

Fara yanke adadin ƙarfin dokin da kake nema tsakaninka da Allah. Lissafin da aka saba yi shi ne iska mai nauyin fam ɗaya da ke shiga injin a minti yana ba da kusan doki 10. Mai neman doki 400 yana buƙatar wajen fam 40. Da wannan za ka duba taswirar kwamfiresa (zanen da ke nuna yawan iska da matsin da turbo zai iya bayarwa), irin wadda kamfanonin ƙera turbo Garrett da BorgWarner ke fitarwa, ka ga ko buƙatarka ta faɗa tsakiyarta.

Duba lambar A/R ta gidan hayaƙi ma, wato ma'aunin faɗin hanyar da hayaƙi ke bi cikin turbo. 0.63 ya fi 0.82 saurin farkawa, amma yana shaƙe injin in juyinsa ya yi sama. Ni dai a titi ƙaramin nake zaɓa.

Kuma kada ka ƙara matsin iska sai ka tabbatar injekta (mai fesa wa injin mai), famfon mai da intakula (mai sanyaya iskar da turbo ya matsa) za su ɗauka, an kuma sake saita kwamfutar injin. In mai ya gaza, fistin ne zai narke.